Rasuwar Kanyonyi da Dutsen da Ta Tafi da Shi

Da zuciya mai nauyi, cike fal da baƙin ciki, Silas Katungi ke sanar da dangi da abokan arziki rasuwar motarsa ta katako, Kanyonyi, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da hantsi, a tseren gangara na bana, tana da mako bakwai a duniya.

Marigayiya mai ƙana'a ce. Ba ta taɓa neman mai ko inji ba, a nuna mata gangara kawai. Da hannunsa Silas ya sassaƙe ta. Ƙafafunta na tsohon baro ne, igiyar akuya ce sitiyarinta, birkinta kuwa guntun takalmin taya. Da "ƙiiƙ-ƙiiƙ" take gaisuwa, in ta ji daɗi ta ce "gurrr".

Lalurarta ɗaya ce, rashin nauyi. Ranar gwaji abokin hamayyarsa Rukundo ya wuce su fuu, yana waiwaye yana ihu: "Katungi, sauka ka goya ta mana!" Duk mai tseren gangara ya san nauyi shi ne gudu. Silas ya duba gida kaf, idonsa ya sauka kan dutsen niƙan surukarsa, Mukaaka Keishanyu, wadda ta tafi Kisoro ganin jika. Dutsen nan tun na kakarta ne. Ba ta shan kunun dawa sai wanda aka niƙa a kansa, wai garin inji ƙarfe-ƙarfe yake mata a baki. Ya ce a ransa aron wuni ɗaya ne, ya ɗaure shi a ƙarƙashin mazauni.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Kanyonyi ta yi gudun da ba a taɓa gani ba a tudun nan. Ta wuce Rukundo, ta zo ta ɗaya, ta wuce alƙalai ma. Silas ya taka birki, ashe takalmin daidai tsohon nauyinta aka yanka shi. Ya yi tsalle ya faɗa gonar kabeji, ita kuma ta miƙe sai tafkin Bunyonyi. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tsundum". Katakai sun taso, dutse bai taso ba.

Ta rasu ta bar ƙafa uku, da igiya, da akuyar da aka ba Silas ta cin tsere, wadda ko kallonta ba ya son yi. Ta bar uwargidan Silas, Kemirembe, wadda iyakar ta'aziyyarta ita ce: "Ni ban gani ba, ban ji ba. Kai za ka gaya wa Mama da bakinka." Shekara goma sha ɗaya, bisa al'ada, Silas bai taɓa haɗa ido da surukarsa ba, in ya hango ta sai ya sake hanya. Yanzu ga abin da zai fara tsayawa gabanta da shi. Wallahi tsoro ya hana shi cin abinci.

Za a yi jana'iza gobe Litinin da sassafe a bakin tafki, daidai inda sawunta ya ƙare. Kada a kawo furanni. A zo da kwalekwale, da dogayen igiyoyi, da ƙugiya. Duk wanda ya iya nutso, don Allah, don darajar iyayensa, ya zo, akuyar tasa ce. Ba za a raba kunu ba, kowa ya san dalili.

In ba a dace ba, ana roƙon jama'a kada su kwashe kujerun makoki. Mukaaka za ta sauka a motar Talata, kuma ta riga ta aiko a shanya mata dawa.