Ranar Da Na Yi Wa Mai Rai Addu'ar Mamaci

Ko tsufa ya ruɗa ni, ba na jin zan manta da wata Asabar a shekarun da nake tuƙin tasi a Washington. A lokacin, duk direbobinmu 'yan Nijar da ke zaune a Springfield sun san ni da abu guda: son wani mawaƙi ɗan Damagaram, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, mai rubuta waƙoƙinsa da Faransanci yana kaɗa jita. Kaset ɗinsa ɗaya gare ni, kwafin kwafi, kuma na naɗa kaina masanin tarihinsa (ba wanda ya zaɓe ni, ba kuma wanda ya isa ya tsige ni).

Ranar na ɗauko wani dattijo a filin jirgi, da farin gemu da sanda, za shi gidan 'yarsa a Fort Washington. Da na ji Hausa a bakinsa, sai muka gaisa har da tambayar damina. Muna hawa titi na danna kaset.

"Baba, ka san mai waƙar nan?"

"Na taɓa jin sa," in ji shi.

Ai kuwa ya taɓo ni inda yake mini ƙaiƙayi. Na kwashe tarihi na zuba masa: yadda ya ajiye alli ya ɗauki jita, yadda ya sa Faransanci ya yi maganar gero da rijiya har tsofaffin da ba su je lakwal ba suna gyaɗa kai. Na ƙara da sharhi, wai waƙoƙinsa na ƙarshe ba su da gishiri. Sannan na sassauta murya na ce, "Sai dai ya rasu, Baba. Shekara biyar ke nan." (A wajen wani taron suna na ji, daga bakin wanda shi ma ji ya yi.)

"Ayya," in ji dattijon. "Me ya kashe shi?"

"Ciwon hanta," na faɗa ba ko tari. "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ka ce amin mana, Baba."

Ya ce amin, a hankali.

Waƙar da ke tafiya ita ce ta uwar da ke jiran wasiƙar ɗanta daga ƙasar waje, wadda ke sa ni kuka duk sanda na tuna tawa uwar a Maraɗi. Kaset ɗina kullum a tsakiyarta yake yankewa, ban taɓa jin ƙarshenta ba. Ya yanke kamar yadda ya saba, amma waƙar ba ta tsaya ba. Daga kujerar baya ta ci gaba, muryar ta dushe, amma ita ce.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige, ni da motar. Na gangara gefen titi, gumi na keto mini, ina ta "Baba, ka yafe ni." Shi kuwa dariya yake har da riƙe ciki.

"Hantata lafiya lau, ɗana," ya ce. "Ni ma na ɗauka na mutu. Shekara da shekaru ba wanda ya tambaye ni waƙa. Ashe ina nan Amirka ina yawo cikin tasi."

Sai na ga yana share ido da bakin rawaninsa.

Kafin ya koma gida, direbobi suka cika falon 'yarsa, aka aro jita, ya yi mana waƙa har hannunsa ya gaji. 'Yata, wadda ko Hausa ka yi mata da Turanci take amsawa, yau ta haddace waƙar wasiƙar nan har ƙarshe.

Abokaina har gobe "Limamin jana'iza" suke kira na, na kuma amsa, ni na saya. Amma tun ranar, in aka ce mini wane ya rasu, sai na leƙa kujerar baya kafin in ce Allah ya jiƙansa.