Ƙofar Hajja Ta Daina Kuka

"Jam, jam. Shigo mana, maigidan da ba ya cefane!"

Hajja ce ke amsa gaisuwar jikanta Ashraf da Fulatanci a gidanta da ke unguwar Sintali, baki har kunne. Jiya ya ce mata zai ɗauki fim ɗinsa na ban tsoro a ɗakinta, da kyamarar aro wadda dole ya mayar kafin magariba. Hajja kuwa ba macen da za a kunyata a idon duniya ba ce. Ta share, ta goge, har ƙofar nan da ta yi shekara da shekaru tana ihu sai da ta ɗura wa man shanu.

Ashraf ya kafa kyamara, ya tura ƙofar a hankali. Ko tari ba ta yi ba.

"Tsohuwa, ina kukan ƙofar nan?"

"Na yi mata magani. Man shanun Sunkani ne, ba na kasuwa ba. Ka ce useko, ka gode mini."

"Innalillahi! Garin neman gira kin tsone mini ido! Duk Jalingo babu ƙofa mai kukan taki. Don ita na zo, ba don kyanki ba."

"Ji ɗan nema. Ni da na yi tashe tun ubanka bai zo duniya ba? To wai me kukan ƙofa zai yi maka?"

"Za a fara da duhu. Sai a ji ƙiiii. Kafin a ga komai, cikin mai kallo ya ɗuri ruwa."

"Sai a nuna ɓarawon?"

"A'a, ƙafarsa kawai, da inuwarsa a bango."

"Sauran jikinsa fa, a gida ya baro shi?"

"Hajja, abin da ba a gani ba shi ya fi ban tsoro."

"Gaskiya ne. Shi ya sa nake tsoron cefanenka."

Amma fa abin ya shiga ranta. Ta gyara tabarau, ta leƙa ɗan allon kyamarar, sai ga ɗakinta a karkace.

"Kai, gurguwa suka ara maka?"

"Da gangan ne. In hoto ya karkace, hankalin mai kallo ba ya kwanciya."

"Ikon Allah! Kowa na neman daidai, ku kuna neman karkace. In na kunna fitila fa?"

"In kashe. Hasken taga kaɗai nake so, ya haska rabin fuska."

"Rabin taka ma ya isa ya kori unguwa."

Ashraf bai yi dariya ba. Ya durƙusa yana wanke ƙarfen ƙofar da omo, yana duban rana, ƙofa kuwa ta ce ita ta warke. Hajja ta ga idon yaron ya yi ja, jikinta ya yi sanyi, don wallahi faranta masa ta so yi. Ta shige ɗaki, ta zube a kan tsohon gadonta na ƙarfe.

Ƙiiiiƙ!

"Hajja! Tashi ki sake zama!"

"Ka haukace? Gado ne fa, ba ƙofa ba."

"Ai sai in naɗi kukan daban, in ɗora wa ƙofar. Babu wanda zai gane."

"Wato ƙofa ta buɗe baki, gado ya yi mata magana? Amma ku maƙaryata ne na gidi!"

"Na yarda, amarya, kin ci. Tsohuwar zuma, da ke ake magani. Zauna a hankali dai."

Ta tashi, ta zauna, gado ya ja kuka mai tsawo. Hajja ta shafa ƙarfen, ta fashe da dariya har da ƙwalla.

"Kakanka ne ya sayo shi. Kullum in ce ya gyara, ya ce gobe, har Allah ya karɓi abinsa. Ashe kai yake ajiye wa. Danna, kafin gwiwata ta ce ita ma fim za ta shiga."