Wuyan Jatau

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda rafi ya rabu biyu, an yi wata barewa mai suna Tabawa wadda ta auri mijinta Jatau saboda gudunsa. Ranar da ta fara ganin Jatau, tsere yake yi da inuwar gajimare a fili, kuma har yau tana rantsuwa shi ya riga isa. Yanzu kuwa wuni yake a kwance gindin kanya, cikin tsananin bazara yana cewa sanyi yake ji. Gashinsa na zuba, muryarsa ta dishe, ga wani ƙullutu a gaban wuyansa da ya fi goruba girma.

Abin da ya ɗaure wa Tabawa kai shi ne barkar da ake ta zuwa yi mata.

A dajin nan, shekaru ko sani ba sa kai kowa Majalisar Dattawa. Kowace kaka Biri magatakarda yakan zo da igiyar rama ya auna wuyan manya, wanda wuyansa ya cika igiya ya samu mazauni. An kuma san yadda ake neman wuya. Dattijo ba ya sunkuyawa ya lashi ƙasa, don haka duk mai son girma sai ya bar zuwa fadamar gishiri inda talakawa ke lasa. Bayan damina biyu ko uku, sai wuya ya zo. Jatau ya bar fadama shekara uku da suka wuce, kuma a kakar bara igiya ta cika.

"Ke dai kin dace, ƙawata," in ji Gada maƙwabciyarta. "Jiya na gaishe shi, sai da na je rafi na dawo sannan ya amsa. Wannan ita ce natsuwa! Nawa mijin har yanzu tsalle yake yi kamar ɗan shekaranjiya."

Tabawa ta yi godiya, ta koma bayan kanya ta yi kuka, ba ta ma san ko na murna ne ba. Ko ita ce ba ta iya zama matar babba ba? Haka girma yake, ya zo ya ɗauke maka wanda kake so, ya bar maka gangar jikinsa?

Da hadarin farko ya haɗu, Shamuwa ta sauka daga tafiyarta ta shekara. Hajiya ake ce mata, don babu wanda ya kai ta ganin duniya. Ta zagaya Jatau sau biyu, ta taɓa ƙullutun da bakinta.

"'Yar nan, wa ya ce miki girma ne? Maƙoƙo ne. A gaban maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu, ita ke zuba wani sinadari a jini, shi ke gaya wa zuciya saurin bugunta, ya gaya wa jiki yawan ɗumin da zai yi. Tana da abincinta, mutane na ce masa aidin, kuma a dajinku a ƙasar fadama kaɗai yake. In ta rasa shi sai ta yi ta kumbura tana nema, jiki kuwa ya mutu a tsaye."

"To Hajiya, dattawan nan duka..."

"Ni dai mijinki kika kira ni in duba."

Washegari Tabawa ta je gaban Majalisa. Su goma sha ɗaya ne, da Jatau a ƙarshen sahu, duk sun takure a rana. Ta durƙusa gaban shugabansu Ɓauna, wanda wuyansa ke cin igiya biyu.

"Ranka ya daɗe, ban zo raina kowa ba. Mijina ba shi da lafiya. Hajiya ta ce ciwo ne, ta ce maganinsa na fadama. Ku ba shi izini ya sunkuya ya lasa, ko da a ɓoye ne, ko da ni zan tsaya in kare shi da jikina."

Ɓauna ya rufe ido. Aka yi tsit, domin an san yana nazari. Da inuwa ta gota, ya farka.

"Yarinya, mun ji kokenki, mun kuma tausaya. Amma duba nan. Mu sha ɗaya ne, duk muna jin abin da mijinki ke ji. Shin dattawa sha ɗaya ne ba su da lafiya, ko tsuntsuwa ɗaya ce ba ta da ladabi? Ki dubi wuyanta, kamar kara. Mai irin wannan wuya ce za ta koya mana sha'anin wuya? Duk da haka Majalisa ba ta ƙin shawara. Mun naɗa kwamiti na masu wuya mafi kauri, ya binciki abin da ke cikin ƙasar fadama da yake hana talakawa natsuwa. Zai zauna da zarar sanyin nan ya wuce."

Tabawa ta dubi rana da ke ƙona bayanta, ta dubi dattawa suna kyarma, har ta fara shakkar ko ita ce mai zazzaɓi.

Ba ta ƙara neman izinin kowa ba. Kullum da hantsi takan je fadama ta ciko bakinta da ƙasa mai gishiri, ta tofa a kan ganyen da take kai wa mijinta. Kwana tara tana yin haka. A na goma Jatau ya tsaya da tauna, ya daɗe yana kallonta.

"Tabawa, na san ɗanɗanon nan."

"Maigida, raɓa ce."

"Kin san abin da igiya za ta ce da kaka?"

"Na sani. Amma ni ba igiya na aura ba."

Can ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ta ba, "Gobe raɓar ta ɗan fi haka yawa."

Damina ta yi nisa, gashin Jatau ya dawo. Wata rana ya amsa gaisuwar Gada tun kafin ta rufe baki, ta koma gida hankalinta a tashe. Da kaka ta zo, Biri ya naɗa igiya a wuyan Jatau, ta yi ragowa kamar taƙi guda. Ya sake aunawa, ya tofa yawu a igiyar ko za ta takure, ya roƙi Jatau ya kumbura kumatu. Ina! Aka sanar cewa Jatau ya rasa mazauninsa, Majalisa ta yi babban rashi.

Dabbobi suka yi ta tururuwa zuwa gindin kanya yin jaje. Gada har da hawaye, tana cewa ita dama ta lura kwanan nan yana ramewa ta sama. Tabawa tana amsawa da "sai haƙuri", idonta kuwa na can fili, inda Jatau ya fita tun safe. Sai ga shi ya keto da gudu, ya tsallake rafi ta inda ya fi faɗi, ya wuce ta gaban dattawa kamar kibiya, ƙura ta lulluɓe su.

Ɓauna ya yi tari, ya girgiza kai cike da tausayi, ya umarci Majalisa ta yi wa bawan Allah addu'ar samun sauƙi.