Yadda Za Ka Tsare Mutuncinka Bayan Irin Motarka Ta Koma Tasi

Kai mai tsohuwar mota mai ƙofa huɗu, matso kusa, na san inda ke yi maka ciwo. Ka tsaya a danja kana sauraron rediyo, kawai sai wata mata ta buɗe ƙofar baya ta shigo da kwandon cefane tana cewa a yi sauri. Bi matakan nan bakwai, na ba ka tabbacin mutuncinka zai dawo ko ƙwarzane babu. Na gwada su a kan maƙwabcina, tsohon Hedimasta, wanda ya shekara ashirin da shida yana tuƙa irin motarka. Shi ba abin da yake so a duniya yanzu kamar dangin saurayin Autarsa su ɗauke shi babban mutum.

Mataki na 1: Haddace tarihinta

Lokacin da aka fara shigo da wannan ƙirar, "Sai Darakta" ake ce mata. Masu gadi kan ƙame mata tun kafin su ga wanda ke ciki. Da daraktoci suka koma jif, ta sauko hannun malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, aka raɗa mata "Rufin Asiri", don takan kwashi miji da mata da yara biyar da katifar ɗan makarantar kwana ba ta ce uffan ba. Daga nan 'yan haya suka gano ba ta shan mai, kayan gyaranta kuma ko a rumfar mai faci ana samu. Yau sunanta "Saura Mutum Ɗaya".

Kai dai tsaya a babi na farko. Kowa ya tambaya, ce masa ta daraktoci ce. Ba ƙarya ka yi ba, labarinka ne bai zo da wuri ba.

Mataki na 2: Kada ka rage gudu kusa da jama'a

Tsayawa gayyata ce. Kada ka danna hon, kada ka leƙo da gwiwar hannu ta taga. Ko ƙaninka ka hango a bakin titi, ɗaga masa hannu ka wuce. Ai zumunci a ƙafa yake.

Mataki na 3: Cika kujerar baya

Zuba mata kayan ilimi. Hedimasta yakan ajiye tsofaffin fayiloli da wani ƙaton ƙamus. Sai dai ban ɓoye maka ba, wani fasinja ya taɓa rungume ƙamus ɗin a cinya har kasuwa, ya sauka yana sa wa direba mai son karatu albarka.

Mataki na 4: Kada ka fita da rigar wankin mota

A nan Hedimasta ya fara zamewa. Ranar da baffan saurayin zai zo ganin gida, uwargida ta aike shi sayo ƙanƙara da lemo. Ya ce ai nan da nan ne, ya fita da koɗaɗɗiyar riga da silifas. A hanyar dawowa ya tsaya gaban tasha don wata tirela ta wuce. Sai ya ji ƙofar baya ta buɗe, ƙamshin turare ya cika motar, wani dattijo cikin kaya masu sitaci ya zauna ya gyara hula.

Mataki na 5: In an riga an shiga, yabi kanka

"Direba, layin bayan firamare. Gidan wani tsohon hedimasta, in ka sani."

Hedimasta ya ja mota. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma ba sai an gaya masa ko wane ne ba.

"Na san gidan, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ɗan ƙanena ne ke neman 'yarsa. Ku direbobi ba abin da ke ɓoye muku. Tsakani da Allah, wane irin mutum ne?"

Lura da kyau, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Mutum nawa ne aka taɓa yin binciken aure a kansu ta bakinsu?

"Mutumin kirki ne. Rabin unguwar shi ya koya musu karatu."

"An ce har mota gare shi."

"Ƙwarai. Ta daraktoci."

"To alhamdu lillahi. Ba irin wannan akwalar taka ba, da ƙarfen kujera ke tsikarin mutum." Ya ɗaka wa kujerar duka.

Hedimasta ya ji dukan har cikin ransa. A kan kujerar nan uwargida ta kwanta tana naƙuda ranar da za a haifi Auta, shi yana tuƙi yana addu'a, motar kuma ba ta ba shi kunya ba. Ya ji haushin baƙon, amma ya fi jin haushin kansa da ya yi shiru. A ƙofar gida dattijon ya sauka ya ce, "Jira ni nan, kai za ka mai da ni tasha."

Mataki na 6: Shiga gidanka ta katanga

Bar baƙo yana sallama, zagaya ta gidan maƙwabci ka haura. Hedimasta ya yi hakan yana da shekara sittin da uku, ya dira kusa da igiyar shanya.

"Malam, lafiya? Ina ƙanƙarar?" in ji uwargida.

"Tana but. Kada kowa ya kusanci motar nan. Miƙo min farin kayana da tabarau."

"Ikon Allah. Yau kuma da motar ake gaba?"

Kada ka ji tsoron za a gane ka. Fasinja ba ya kallon fuskar direba, ƙeya kawai ya sani. Don haka ka ƙara wa muryarka kauri, kuma ko me za a yi kada ka juya wa baƙo baya. Sau uku Hedimasta ya fita daga falo da baya da baya, har baffan ya yaba da irin wannan ladabi. Magana ta yi daɗi, aka rabu a kan za a turo manya.

Mataki na 7: Ce ba ka san ta ba

Da suka fito, baffan ya leƙa motar ya ga wayam.

"Direban nan ya tsere. Da ma daga ganin motar ka san ba za a yi abin arziki ba. Malam, ina taka? Ko tana wajen gyara?"

Amsar kalma ɗaya ce: e. Faɗe ta ka huta.

Hedimasta ya buɗe baki. Ruwan ƙanƙara na ɗiga daga but, ya jiƙa ƙasa. Auta ta fito da tire a hannu ta tsaya bakin ƙofa tana kallonsa, yarinyar da ya taɓa hana ta zuwa yawon makaranta saboda ƙaryar fensir ɗaya. Sai ya sa hannu a aljihu, ya zaro makulli, ya buɗe ƙofar gaba.

"Ga tawa nan. Ni ne direban. Bismilla, gaba za ka zauna."

Baffan ya dubi fuskarsa. Ya zagaya a hankali ya dubi ƙeyarsa. Sai ya cire hula ya riƙe.

"Inna lillahi. Malam, yau bakina ya kashe ni."

"Ba komai. Amma ita za ka ba haƙuri, ba ni ba."

Dattijon ya dafa rufin motar ya ce, "Baiwar Allah, a yafe ni." Da suka kusa tasha, sai ya tambaya:

"To abin da direba ya gaya min a kan Hedimasta, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne. Ban da maganar daraktoci."

Gargaɗi

Ba ruwana. Alkawarina na wanda ya cika bakwai ne, Hedimasta kuwa a shida ya tsaya, saboda haka abin da ya same shi shi ya ja wa kansa. In ka karye a katanga, ko karen maƙwabci ya kama maka wando, ko uwargida ta ba ƙawayenta labari, kada ka ambaci sunana. Auren dai an ɗaura. Yanzu duk dangin ango sun san motar, kowa ya sauka a tasha shi yake bugo wa waya. Baba suke ce masa, gaba suke zama, kuma har yau babu wanda ya taɓa zuba masa mai.