Taku Takwas na Baffa Darakta

Kai jama'a, in ba ku san Baffa Darakta ba wallahi ba ku san mutum ba. Wannan bawan Allah ƙwaƙwalwa ce zalla aka sa wa hula. Bai taɓa haɗa sabulu ko guda ɗaya ba, amma ba shi minti biyar ya gaya maka yadda ake haɗa shi a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Biro uku ne a aljihunsa kullum, ja da baƙi da shuɗi, ɗaya ne kawai ke rubutu, shi ma sai an girgiza shi.

Ita mai sabulun Goggo ce, yayarsa. Shekara ashirin tana juya sabulu da muciya a tsakar gida ita da mata shida, hannunta duk soda ta cinye. Da kasuwa ta buɗe mata sai ta sayi inji, ƙato, mai juyawa ya kuma yanka, aka ce nan da wata huɗu za a kawo. Abu ɗaya tak take so, ɗaki mai rufi da injin nan zai shiga ya zauna ruwa bai taɓa shi ba. Shikenan fa. Washegari sai ga Baffa da jaka a hammata ya naɗa kansa Darakta. Ba wanda ya roƙe shi, kirki ne kawai irin nasa.

Ya ce, "Yaya, harkar nan ta wuce muciya. Yanzu masana'anta ake magana. Ki bar mini tsare-tsare, ke ki ji da kumfa."

Goggo ta ce, "To Auta, Allah ya taimaka."

Auta fa! Mutum da furfura har a gira. Ya sha roƙonta ta riƙa ce masa Darakta a gaban mutane, kullum sai ta ce to Auta na ji.

Aka fita neman fili. Na farko a bakin titi yake, shimfiɗaɗɗe, ga rijiya ga turken wuta a gefe, magini har ya fara murna. Baffa ya zagaya hannu a baya, ya shuri ƙasa, ya ɗebi yashi ya shinshina, ya ce, "Filin nan ba shi da kwarjini." Na biyu can kan tudu, hanya siririya duk duwatsu, ba ruwa. Yana hawa ya hango bishiyar da abokansa ke zama a ƙarƙashinta, ya ɗaga musu hannu suka ɗago masa. Nan take ilimi ya sauko masa.

"Nan ne. Sabulu iska yake so. Kuma allon suna in ba a ganinsa daga nesa, me aka yi?"

Goggo ta ce ruwa fa? Ya ce za a ɗebo. Ta ce motar da za ta kawo inji fa? Ya ce direba aikinsa ke nan. Ta bar shi, don tun yana goye haka ake barinsa.

To ranar awo ita ce ranar. Goggo ba ta samu zuwa ba, sabulu na kan wuta. Ta aiko da takardar masu injin, an rubuta a ba shi ɗaki mita takwas kowane gefe. Magini ya zaro tef ɗinsa na awo, Baffa ya kalle shi da tausayi.

"Mayar da wannan abin wasan yaran. Takuna ɗaya mita ɗaya ne cif, an gwada tun ina saurayi. Kai dai ka biyo ni da toka kana ja layi, inda na tsaya ka kafa turke."

Kuma ranar sabon takalmi ya sa, baƙi mai tsini, don taron kawai ya saya. Ya ɗan matse shi amma mai shago ya ce zai saki.

Da me za a fara? Da ofishin Darakta mana, ai daga kai ake farawa. Mutane sun taru, abokansa sun hau tudun suna kallo. Baffa ya gyara riga ya fara jefa ƙafa, wallahi kamar mai tsallake kwata. Ɗaya! Biyu! Har wando na ƙara. Takwas, aka kafa turke. Ya juya ya sake takwas, aka tafa masa. Daga nan ɗakin jiran baƙin Darakta. Daga nan ɗakin taro. Daga nan rumfar motar Darakta, shi da babur ɗinsa ko madubi babu, amma mai hangen nesa ba ya gini don yau.

Kafin a iso ɗakin inji rana ta take, masu kallo sun watse, takalmin nan bai saki ba, shi ya kama dunduniyarsa ya ci. Baffa ya ci gaba da awo don shi ba ya barin aiki. Sai dai takun ya koma irin na mai ɗauke da bokiti cike da ruwa, kaɗan kaɗan, yana cije leɓe. Ɗaya, biyu, wash, uku. Takwas, aka kafa turke.

Magini ya kalli can ya kalli nan ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, kamar wannan bai kai wancan ba."

"Nawa ka ƙirga a ofis?"

"Takwas."

"Nan fa?"

"Takwas."

"To takwas ta fi takwas ne? Ka ga adalci ke nan. Ni Darakta guda ban ɗauki ko taku ɗaya fiye da inji ba. Je ka nemo shugaban da zai yi haka."

Magini ya ce gaskiya babu. Ya kama gini.

Da bulo ya kai kafaɗa Goggo ta leƙo, ta tsaya a ɗakin injin ta miƙa hannuwa ta ce Auta kamar ya yi kaɗan fa. Ya yi dariyar manya ya ce ɗakin da ba a rufa ba haka yake yaudarar ido, kowane injiniya ya san wannan. Ofis kuwa tuni an gama shi an rufa. Ya ja ta ya nuna mata ƙofarsa, mai ganye biyu, faɗi kamar ta gareji, wai manyan baƙi bibbiyu suke shiga. An shimfiɗa jan kafet, ga kujera mai juyawa, ga hotonsa a bango yana riƙe da waya yana kallon sama. A ƙofar an kafa allo an rubuta OFISHIN DARAKTA da ruwan zinari.

Ranar da aka kawo inji hadari ya haɗu tun hantsi. Motar ta hau tudun nan tana kuka tana hayaƙi, direban ya sauko yana rantsuwa ko uwarsa ce a sama ba zai sake hawowa ba. Ƙarti goma suka sauke injin a kan bututun ƙarfe suna turawa, Baffa na gaba yana nuna hanya da jan biro. Aka iso ƙofar ɗakin inji. Ƙofa ta ce ba da ni ba. Aka juya shi, ta ƙi. Aka karkata shi, ta ƙi.

Magini ya zaro tef a hankali kamar ɓarawo. Inji mita shida. Ɗaki mita huɗu da rabi. Ko an fasa bangon gaba sai wutsiyarsa ta kwana a waje.

Baffa bai girgiza ba, manya ba sa girgiza. "Kamfanin ne suka aiko da wanda ya fi girma. Zan rubuta musu. Kafin nan a tsayar da shi a tsaye."

Aka ce kwano zai tare. Ya ce to a raba shi biyu. Direban ya bushe da dariya ya tada mota ya gangara abinsa. Aka nemo tamfol, duk ɓera ya huda. Iska ta taso, aka yi tsawa, matan Goggo suka fara salati. Ita Goggo tana tsaye ta ɗora hannun nan da soda ta cinye a kan injin. Sai ɗigon farko ya faɗo a kan ƙarfen, tas.

Ta karɓi tef a hannun magini. Ta wuce ɗakin taro, ta wuce ɗakin jira, ta tura ƙofa mai ganye biyu. Ta auna ƙofar. Ta auna ɗakin, mita tara da ɗoriya. Ta leƙo.

"Ku kawo shi nan."

Baffa ya ruga ya tare ƙofa ya ware hannuwa. "Yaya, kafet fa! Hotona fa! Ina baƙi za su zauna? Wannan ya saɓa wa tsari!"

"Auta, matsa."

Ba ta ɗaga murya ba. Muryar da take kore shi da ita daga bakin tukunya yana ɗan shekara biyar ce. Ya matsa. Injin ya shige sumul ko bango bai goga ba, ana gama turawa ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Goggo ta zauna a kujera mai juyawa ta sauke ajiyar zuciya, ta juya sau ɗaya ta ce ashe da daɗi.

Yanzu in ka je ƙarƙashin bishiyar nan za ka ji Baffa na bayani, wai da gangan ya yi ofis ɗin da faɗi, ya san ranar za ta zo. Abokansa na gyaɗa kai. Allon bai cire ba, ruwan zinari da tsada, don haka mata masu aiki sun sa wa injin suna Darakta. Kullum da safe ka ji ana cewa a zuba wa Darakta mai, Darakta ya fara aiki. Goggo ta ce ba ta taɓa jin wannan maganar ba sai bana.

Ɗakin jira ya zama na shanya, ɗakin taro na kwali, ƙaramin ɗakin nan aka tara soda, rumfar mota kuma jarkokin ruwan da ake ɗebowa daga ƙasan tudu. Sai ran nan Baffa ya zo da jakarsa ya tsaya a gabanta, ya yi gyaran murya ya ce bai dace masana'anta kamar wannan a ce Darakta ba shi da wurin zama ba.

Goggo ta ce gaskiyarka Auta. Ta nuna masa gefen baranda ta ce ya je ya auna taku takwas nasa ne har abada. Har ya gyara riga ya ɗaga ƙafa sama zai jefa, sai ta sa hannu ƙarƙashin tebur ta jawo wata leda ta miƙa masa, ga baƙin takalmin nan mai tsini a ciki.

"Tsaya. Da wannan takalmin za ka auna."