Numfashin Surukata

Abubuwa da yawa na manta da su a aikin motar asibiti, amma ranar da na ɗauko Umma daga Darmanawa ta ƙi barin kaina.

Umma ita ce mahaifiyar Zainab, yarinyar da nake nema a lokacin. Manya sun je gaisuwa, ba a dai sa rana ba. Kun san halin da saurayi yake ciki a wannan tsakanin: ko akuyar gidan ya gani sai ya rusuna.

Da hantsi Zainab ta kira ni, ta ce zazzaɓi da tari sun kwantar da Umma. Ni nas ne, kuma ni ke bin motar ranar, sai na ce wa direba mu tafi. A hanya har ina jin daɗi (Allah ya yafe mini), yau gidan su Zainab za su ga aikina.

A asibitinmu akwai tsarin da muke bi. Kafin mu iso, mukan auna zafin jikin mara lafiya, jininsa, bugun zuciya, iskar da ke jikinsa da yawan numfashinsa, mu duba ko yana cikin hayyacinsa. Kowanne da makinsa. In makin ya yi sama, alama ce jiki na shirin rikicewa ko da mutum yana zaune yana hira, sai a wuce da shi wurin likita kai tsaye. In ya yi ƙasa, ya bi layi.

Na'ura ce ke auna kusan komai. Numfashi kuwa da ido ake ƙirga shi: ka tsura wa ƙirjin mutum ido, kana lissafa hawa da sauka. Kuma shi ne yakan fara tona asirin ciwo.

To, ni zan tsura wa ƙirjin surukata ido? Ga Zainab a gefe? Wallahi wuyana ƙin ɗaguwa ya yi. Da aka shigar da ita, na tsuguna a cikin mota, na gaishe ta, na sake gaishe ta. Na tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Har muka shigo Gyadi-Gyadi takalmina nake kallo (igiyar na hagu ta kwance, wannan kam na lura da shi sosai). Da muka kusa ƙofar asibiti na ce a raina ai wadda ke amsa gaisuwa numfashinta lafiya lau, na ba shi makin mai lafiya. Jimla ta fito ƙasa, aka zaunar da Umma a benci.

Ba a daɗe ba ta sulale a kafaɗar Zainab. Ashe nimoniya ce, ciwon huhu, ta ci ƙarfinta. Aka yi ciki da ita a guje, aka sa mata oksijin. Na tsaya a baranda, tsoro ya cika ni, don na san sarai wanda ya zaunar da ita a bencin.

Bayan la'asar ta farfaɗo. Sista Rifkatu, shugabarmu, 'yar Filato ce da ba ta ɗaga murya, ta kira ni bakin gadon. Ga likita, ga ɗalibai, ga Zainab da yayyenta maza. Ta tambaye ni a hankali yadda aka yi numfashin da na samu daidai a mota ya ninka kafin a juya. Na fara kame-kame, ina cewa ai ciwo yakan juya farat ɗaya.

Sai Umma ta janye abin oksijin daga hancinta, don ta cece ni.

"'Yar nan, kar ki yi masa faɗa. Yaron nan akwai tarbiyya. Tun daga gida har nan, ko sau ɗaya bai ɗaga ido ya dube ni ba."

Yayyen Zainab suka gyaɗa kai, suna sa albarka. Ɗaliban suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Sista Rifkatu ta dube ni ta ce, "Ko sau ɗaya?" Na ce ko sau ɗaya. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

An sauke ni daga mota na wani lokaci, aka mayar da ni koyon ƙirga numfashi tare da 'yan ajin farko. Umma kuwa da ta warke ita ta matsa a sa rana. Har yau in an taru a gidan takan ba da labarin a matsayin yabo, Zainab kuma, da ta san gaskiya, takan tashi ta shiga kicin.

Yanzu ko uwar wa na ɗauko, sai in ce, "Hajiya, a yi haƙuri, zan kalle ki." Wasu kan ce yaran zamani ba kunya. Ba na musu. Wadda ta samu numfashin yi mini faɗa, na san za mu isa asibiti tare.