Yadda Na Zama Ango a Katin Wani

A shagonmu na buga takardu a Daura, kwamfuta uku gare mu, tebur ɗaya. Sai na sayo wani ɗan akwati da ke haɗa su duka da allo ɗaya, kibod ɗaya da maus ɗaya. Ka danna maɓalli, ka koma wadda kake so. Abokin aikina Bala ya ce mu kira mai gyara. Na ce masa jona waya ne fa, ba tiyata ba.

Na jona, na zauna ina hura hanci. Na rubuta cikakken sunana don gwaji, allo ko gezau. Ashe na sarƙe wayoyin: idona na kan kwamfuta ta ɗaya, yatsuna na aiki a ta biyu, inda Bala ya bar katin ɗaurin auren 'yar Alhaji Sani, dillalin shanu daga Mashi, a buɗe daidai gurbin sunan ango. Na gyara wayoyin shiru, Bala ya buga katunan bai duba ba.

Allah ya saka wa Alhaji da alheri, sai da ya karanta kafin ya kai masallacin Juma'a a raba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, ai da ka turo magabata tukuna."

Bai yi faɗa ba, bai kuma daina kawo mana aiki ba. Amma har yau in ya shigo, sai ya ce, "Ina surukina?" 'Yan acaɓan bakin shago kuwa Ango suke kirana, har a gaban matata.